Wasiƙu Huɗu Daga Zurmi

A gidanmu na Ƙauran Namoda, can bayan tashar jirgin ƙasa, ba a kashe wuta don an sauke tuwon dare. Kakata Kulu, wadda ta haifi babana, ita ta kafa wannan doka. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa biyu ko uku cikin garwashi, ta binne gyaɗa a toka. Mu kuma jikoki mu kewaye ta, mu bakwai idan 'ya'yan baffana sun shigo. Kowa da mazauninsa. Nawa shi ne gefenta na hagu, inda nake jingina kaina da cinyarta, kuma babu wanda ya taɓa gigin zama a wurin, don a ɗakinta aka yaye ni, a can kuma na ci gaba da kwana. A wurin sauran yara ita Kaka ce. A wurina kuwa tawa ce, su aronta kawai nake ba su.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffin unguwa ke yi. Sai ta ɗaga kai ta dubi zaure ta ce ga wata baƙuwa nan bakin ƙofa. Mu ce ta shigo, an yi mata shimfiɗa. Daga nan sai labari ya kama hanya. Kowace tatsuniya tata da waƙa a ciki, don Kaka mutuniyar Shinkafi ce da ta tashi cikin waƙoƙin niƙa da na daɓe, kuma a ƙuruciyarta babu bikin da za a kifa ƙwarya a ruwa ba a aiko mata ba. Ko da na san ta haƙoranta sun zube saura kaɗan, amma muryar tana nan, mai ɗan kauri, mai sanyi a ƙarshe.

Akwai waƙa ɗaya da ba ta cikin kowace tatsuniya. Ita ce wadda ta yi mini tun ina goye. Idan yara sun watse mun shiga ɗaki, takan dafa bayana ta yi ta a hankali: Luba ta Kulu kwanta ki huta, gero ya nuna ba ki da aiki. Baiti biyu ne kawai, tana ta maimaitawa har in yi barci. Ban taɓa jin ta yi wa wani ita ba.

Ina aji huɗu a firamare aka ba mu jiharmu ta Zamfara. Na tuna yadda samari suka yi ta zagaya gari a kan babura, da yadda babana, wanda dillalin hatsi ne, ya dawo daga kasuwa yana cewa yanzu kam ba sai an je Sakkwato ba a kan kowane ɗan abu. Bayan wasu watanni wani mutum ya yi sallama a gidanmu da ƙaramar rikoda a hannu. Malam Garba ne, ɗan maƙwabtanmu na da, wanda Kaka ta goya yana jariri. Ya sami aiki a wani gidan rediyo a Gusau, kuma an ce su nemo shirye-shirye na mutanen ƙasarmu. Abin da yake so shi ne Kaka ta riƙa gabatar da shirin kiɗa da waƙoƙin da, kowace Laraba da ƙarfe sha ɗaya na dare. Za a saka kaset, ita kuma ta faɗi irin kiɗan, da lokacin da ake yinsa, ta gai da mutane, in ta ga dama ta rera da kanta.

Babana bai so ba. Ya ce tsohuwa mai jikoki, me ya kai ta yawon mota da raba dare. Kaka ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambayi Malam Garba ƙarfe nawa motar Gusau ke tashi.

Daren farko gidanmu kaf babu wanda ya kwanta. Babana ya sayo sababbin batura, aka ɗora rediyo a kan turmi a tsakar gida. Can sai ga muryarta ta fito. Na dubi 'ya'yan baffana ina jin kamar ni ce a cikin akwatin. Sai ta fara gaisuwa. Ta gai da jikokinta na Shinkafi, da jikokinta na Zurmi, da na Kurya, da na Sakajiki, da masu gadin shanu a ruga, da direbobin da ke kan hanya, da duk wanda barci ya ƙi. Na kasa kunne ina jiran sunana. Aka saka kiɗan kalangu, aka saka na gurmi, ta yi bayani, ta yi dariya, sha biyu ta buga, ta yi sallama. Ba ta ambace ni ba.

Ba a yi wata uku ba sunan Kulu ya ɓace, aka koma kiranta Kakar Kowa. Ban san wanda ya fara ba, amma na tsani sunan tun ranar da na ji shi. Wata yarinya a ajinmu ta ce ai Kakar Kowa kakarta ce ita ma, tun da a rediyo ta ce duk mai saurare jikanta ne. Na yaga mata hijabi, aka yi mini bulala shida a gaban aji, ban yi kuka ba.

Darenmu na bakin murhu ya fara raguwa. Laraba tana Gusau, ta kwana gidan wata 'yar ɗakinta. Talata tana ɗaki da rikoda tana zaɓen kaset, don mutane sun fara kawo mata tsofaffin kaset daga ƙauyuka, wasu a ƙunshe cikin tsumma. Alhamis ta dawo a gajiye, ga mata cike da tsakar gida sun zo ganin mai muryar. Sauran kwanakin ma takan ce tana adana maƙogwaro, ta ba mu gajeriyar tatsuniya ɗaya ta sallame mu. Sauran yara ba su damu ba, sun koma wasan ɓuya a waje. Ni ce nake zama gaban toka ina tona gyaɗar da ba na jin daɗinta.

Abu ɗaya ya rage mini, shi ne wasiƙu. Kaka tana ɗan karanta ajami, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Duk Alhamis takan dawo da leda cike da wasiƙun masu saurare, da la'asar mu zauna a ɗakinta in karanta mata, ita kuma ta haddace sunaye da garuruwa ta yadda ba ta taɓa mantawa. Na ji daɗin wannan aiki da farko, don ni kaɗai ce da ita. A cikin wasiƙun nan ne na haɗu da Hindatu.

Yarinya ce daga Zurmi, ta girme ni da shekara ɗaya. Da koren biro take rubutu, rubutu mai kyau a jere, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta ce tana da ciwon sikila, idan ya tashi ƙasusuwanta ba sa barin ta barci, sai ta ɗauki rediyon kawunta ta sa a kunne. Ta ce kakarta ta rasu tun ba ta da wayo, ko Kaka za ta yarda ta zama tata. Da na karanta wannan sai Kaka ta ce in sake karantawa. Ba ta taɓa sa ni maimaita wata wasiƙa ba sai wannan.

Daga nan kusan duk bayan mako biyu sai koren biro ya zo. Hindatu ta ba da labarin akuyarta da ta haifi uku, da jarrabawar da ta wuce ta tana kwance, da yadda ruwa ya ci gonar kawunta a bakin gulbi. Kaka ta riƙa ambatonta a rediyo, tana ce mata Hinduna. A gida ma sai ta riƙa cewa ko yarinyar nan ta samu sauƙi, ko an kai ta asibiti. Ni kuwa ko zazzaɓi na yi, jiƙo kawai ake ba ni a ce in tashi.

Wata Laraba cikin damina, ina kwance ni kaɗai a ɗakin Kaka, rediyon babana na magana ta taga. Na ji ta ce akwai wata jikanyarta a Zurmi da ta san yanzu haka idonta biyu, a rage kiɗan, za ta yi mata abin barci. Sai ta fara. Hindu ta Kulu kwanta ki huta. Waƙata ce, ba ta canza komai ba sai sunan. Na juya na fuskanci bango, na cusa zane a baki don kada innata ta ji kukana.

Washegari ta dawo da biredin Gusau da takan kawo mini, na ƙi karɓa. Ta tambaye ni abin da ya faru, na faɗa mata. Ta ce, "Ke da kike barci kamar an jiƙa ki, mi za ki yi da waƙar barci? Ita ba ta iyawa, Luba." Na ce to ta yi mata tata daban mana. Sai ta yi dariya ta shafa kaina ta fita alwala. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi a kan wannan dariya.

Alhamis ta gaba, da ta miƙo mini ledar, na hango koren rubutu. Kafin ta gama gyara zama na zare wasiƙar na tura ƙarƙashin cinyata. Na karanta sauran. Da na gama ta ce, "Ba ta Zurmi?" Na ce babu. Ta dube ni kaɗan, ta ce Allah ya sa lafiya. Da yamma na kai wasiƙar bayan rumbu na saka a wata fasasshiyar tukunya, na rufe da murfin kwano.

Haka na yi sau huɗu cikin wata uku. Kowane karo ta yi tambaya ɗaya, in ba ta amsa ɗaya. A rediyo ta daina ambaton Hindatu, ni kuma na ɗauka ta manta da ita, na ji sanyi a raina. Ukun farko ban buɗe su ba. Ta huɗu ce na ga ta yi siriri, na buɗe a bayan rumbu. Layi uku ne. Ta ce, Kaka, ko na yi wani laifi ne? In waƙar ce na roƙa da yawa, na daina. Ki dai ce Hinduna sau ɗaya. Na ninke ta na saka cikin tukunya. Ba zan ce ban ji komai ba, amma ban fasa ba.

A cikin waɗannan watanni ne aka ƙaddamar da shari'a. Babana da baffana suna cikin waɗanda suka cika motoci zuwa Gusau, suka dawo muryoyinsu a dushe saboda kabbara. Gari ya canza. Aka rufe wasu wurare, makaɗa suka rataye kayansu suna jiran su ga yadda za ta kaya, mata suka ƙara tsawon hijabi. Wata ranar Asabar Malam Garba ya zo, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya daɗe yana gaisuwa. Daga ƙarshe ya ce an shawarta a dakatar da shirye-shiryen kiɗa, Laraba mai zuwa ita ce ta ƙarshe. Kaka ta ce babu komai, ita ma shekarunta sun kai na riƙe carbi, kuma ta gode da abin da aka yi. Sai da ya tafi na ga ta zauna tana shafa kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa murna nake yi. In faɗi gaskiya, duk garin Ƙaura babu wanda ya kai ni farin ciki da wannan hukunci, kuma ba don addini ba ne.

Daren Litinin Kaka ta ce a hura wuta sosai, a kira yara duka. Na zauna a mazaunina na jingina da ita. Ta dubi zaure ta ce ga baƙuwa, muka ce ta shigo.

Ta ce a wani gari an yi wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanwar Allah ya ba ta murya. Idan ta durƙusa a dutsen niƙa ta fara waƙa, masu zuwa rijiya sai su sauke tuluna, fatake su tsai da jakuna a bayan katanga. Yayar tana son ƙanwarta, tana son waƙar fiye da kowa, amma duk sanda ta ga mutane sun taru sai ta ji kamar ana ɗibar mata wani abu. Rannan ta tafi gindin wata tsamiya a bayan gari inda wata tsohuwa ke zama, ta faɗa mata damuwarta. Tsohuwar ta ba ta ɗan gora, ta ce idan ƙanwar ta yi barci ta kara shi a bakinta, muryar za ta shige, ta toshe, ta zama tata ita kaɗai.

Haka ta yi. Gari ya waye ƙanwa ta buɗe baki, babu ko tari. Aka yi magani har aka gaji. Yayar kuwa ta rataya gora a wuya cikin riga. Ta shiga ɗaki za ta buɗe ta saurara, sai ta tuna uwarsu za ta ji. Ta tafi gona, ta hango manoma. Ta shiga daji, ta ga makiyayi. Duk inda ta je akwai kunne. Ta ce bari sai gobe. Gobe ta zama shekara. Ta daina zuwa kasuwa don kada a bangaje ta gora ya fashe, ta daina kwana da kowa a ɗaki. A nan Kaka ta yi waƙar yayar, wadda take yi wa goran a ɓoye tana roƙonsa ya yi haƙuri, muka amsa mata kamar yadda muka saba. Sai da furfura ta fito wa yayar, rannan ta ce yau kam ko duniya za ta ji sai ta buɗe. Ta cire toshiyar ta kara a kunne. Ba ta ji komai ba sai ɗan huci, kamar na wanda ya gaji.

Kaka ta tsaya a nan. Muka jira. Tatsuniyoyinta duk sukan ƙare da biki ko da mugu ya faɗa rami, don haka ƙaramin cikinmu ya tambaya, to ƙanwar fa, ta warke?

Kaka ta ce, "Ta daɗe da mutuwa. Baƙuwa ta tashi, ku tai ku kwanta."

Muka shiga ɗaki. Ta yi shafa'i da wutiri ta kwanta ta juya baya. Ni kuwa ban runtsa ba. Da aka yi kiran assalatu na fita cikin duhu na je bayan rumbu, na ɗauko wasiƙun nan huɗu, ɗaya har gara ta fara cin gefenta. Na sami Kaka a kan buzu tana lazimi, na ajiye su a gabanta na durƙusa.

Ba ta taɓa su ba sai da ta shafa addu'a. Ta ce, "Ni ban iya boko ba, amma ina ganin kore. Garba da hannunshi yake ba ni su, yana ce mini ga ta ɗiyarki ta Zurmi. Tun ta farko na sani."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, me ya sa kuma ta daina gai da Hindatu a rediyo alhali ta san tana rubutowa. Ta ce ta yi ta jira ne in kawo da kaina, kullum tana cewa wannan makon zan kawo. Ta ce ta yi kuskure da ta bar yarinya marar lafiya tana jira don tana son ta gyara tata jikanyar, wannan laifinta ne ba nawa ba, kuma za ta nemi gafara. Sannan ta ce in karanta, daga ta farko. Na karanta ina shessheƙa. A ta biyu Hindatu ta ce an ƙara mata jini. A ta uku ta ce ta ji sauƙi, ta tambaya ko Luba mai karanta wasiƙu tana lafiya. Ban san ta san sunana ba. Ashe Kaka ta sa Malam Garba ya rubuta mata amsa tun tuni, ta ba ta labarina.

Daren Laraba aka sake ɗora rediyo a kan turmi. Kaka ta saka kiɗan da ta fi so, ta yi bankwana da garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Can kusa da ƙarshe ta ce, "Hinduna ta Zurmi, in kina ji, ba ki yi laihin komi ba. Takardunki sun iso, gidanmu sunka yi ɓatan kai. Ki yahe ma tsohuwa." Ba ta ambaci sunana ba, wannan karon kuma na gode mata.

Amma ba mu san ko ta ji ba. Shiri ya ƙare, babu inda wasiƙa za ta zo. Bayan mako biyu Kaka ta ce wa babana za ta Zurmi, kuma da ni za ta. Muka shiga motar 'yan kasuwa, ni a kan cinyarta, buhunan gero a bayanmu. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, don da Kaka ta buɗe baki ta yi tambaya a tasha sai wani mai shayi ya gane muryar, ya bar teburinsa ya raka mu.

Hindatu 'yar siririya ce, idanunta sun yi rawaya, ta fi ni tsawo. Da ta ji sallamar Kaka daga zaure sai ta fito da gudu, ta tsaya cak, ta rasa abin yi, sai ta durƙusa ta kama ƙafarta. Ta ji shirin ƙarshe. Ta ce saura kaɗan ta daina kunnawa, kawunta ne ya ce ta ƙara haƙuri.

Kwana biyu muka yi. Da dare aka hura wuta, yaran unguwar suka cika gidan, Kaka ta zaunar da Hindatu a gefenta na hagu. Ni na zauna a bakin ƙofa. Ina so in ce a lokacin zuciyata ta wanke, amma ƙarya ne. Ina kallon hannun Kaka a kan kanta ina jin abin nan yana ci na kamar da. Bambancin kawai, yanzu na san sunansa, kuma ina jin kunyarsa.

Ranar da za mu tafi na sami Hindatu tana ba akuyarta dusa. Kaka ba ta ce in faɗa mata ba, amma na faɗa. Na ce ni na ɓoye wasiƙun. Ta daɗe tana kallon akuyar. Sannan ta tambaye ni ko na karanta su. Na ce na karanta. Ta ce, "To ai shi ke nan. Ni tsorona a ce ba wanda ya buɗe." Can kuma ta ce ita ma ta daɗe tana jin haushina, tun da aka rubuto mata cewa akwai wata Luba da ke kwana ɗaki ɗaya da Kaka. Muka yi dariya kaɗan, ba mai yawa ba. Har yau muna zumunci. Tana Gusau yanzu da mijinta, tana ɗinki, tun da zaman Zurmi ya yi wuya.

Kaka ta rasu ina ajin ƙarshe a sakandare. Shekaru da yawa na riƙe tatsuniyar goran nan a matsayin faɗan da ta yi mini a gaban yara ba tare da ta tona ni ba, kuma nakan yaba hikimarta. Sai bayan na yi aure, ina da cikin fari, wata tsohuwa 'yar'uwar su Kaka daga Shinkafi ta zo gidanmu ta kwana. Muna hira na ba ta labarin, har da tatsuniyar. Ta ajiye goron da take ɓarawa ta dube ni.

Ta ce Kulu tana da ƙanwa, sunanta Hajara. Ita ce mai muryar, Kulu amshi take yi mata. Wata shekara aka aiko daga wani babban gida ana neman Hajara ita kaɗai ta yi waƙa a biki. Kulu ta je ta faɗa wa babansu cewa ta ga Hajara tana tsayawa da makaɗa a bayan kasuwa, abin da bai faru ba. Babansu mutum ne mai zafi, ya rantse in ya sake jin muryar Hajara a waƙa bai yafe ba. Ba ta sake ba, ko a dutsen niƙa. Bayan shekara biyu ciwon sanƙarau ya ɗauke ta. Ta ce yawancin waƙoƙin da aka san Kulu da su, har wadda take yi wa jarirai, na Hajara ne.

Na daɗe zaune bayan tsohuwar ta yi barci. Ni ina ganin a daren nan Kaka ta hau kujerar alƙali ne, ashe ita ma mai laifi ce take ba da labarin kanta a gaban jikokinta, ta hanyar da za ta iya. Na gane dalilin da ya sa ta kasa kama ni da hannu a makon farko, da dalilin da ya sa mace mai shekara saba'in ta riƙa shiga motar Gusau duk Laraba, damina da rani. Ita ba ta samu wanda za ta durƙusa wa ta ce ni ce ba. Ni kuwa ta tsaya mini sai da na samu wannan dama.

Kishi bai bar ni ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Yana zuwa idan aka yabi wata malama a makarantar da nake koyarwa, yana zuwa idan 'ya'yana suka fi ɗokin gidan ƙanwata. Na dai koyi gane takunsa tun daga nesa.

Da na haihu mace ce, na roƙi babanta ya sa mata Hajara, ya yarda. Yanzu shekararta goma sha huɗu. Tana wanke-wanke tana rera ƙasidun Islamiyya, maƙwabta na ji ta kan katanga, wata ma har takan leƙo ta ce a bar ta ta ƙarasa. Wani lokaci nakan ji bakina ya buɗe zai ce ta rage murya. Sai in rufe shi, in ci gaba da tsintar shinkafata.